Shekarar da Inna Ta Shuka Kaɗanya

Ranar addu'ar bakwai ta mahaifinku, ina cikin gida na jiyo wani dattijo a zaure yana lissafa alheran Malam, har ya kai ga cewa ko itatuwan kaɗanyar nan na gonar gabas sun ishe shi sadaka mai gudana. Na ce amin a zuciyata, don yana da rabonsa a cikinsu. Amma tun daga ranar na lura ku ma kun ɗauki maganar, har jikokina suna cewa kaɗanyar Baba Malam. To, Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, amma manyan nan bai shuka ko ɗaya a cikinsu ba. Ni ma da na fi kowa baki a kansu, ba hannuna ba ne. Gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina da hankalina, don in na bar wa 'yar'uwarku Sa'adatu labarin, gishirin da za ta ƙara masa sai ya fi miyar yawa.

Asalin itatuwan nan daga garinmu ne, wani ƙauye a wajen Gude ta ƙasar Kabo. A tsakiyar gonar mahaifina, Baba, akwai wata tsohuwar kaɗanya da mutum biyu ba sa iya rungume gindinta. Gonar ta Baba ce, amma 'ya'yan itacen na mahaifiyata ne, Iya, haka muka taso muka tarar kuma ba wanda ya taɓa yin musu. Kaɗanya ba ta yi wuya a wajenmu a lokacin ba, sai dai wannan daban take. 'Ya'yanta manya ne, zaƙinsu ba ya barin ɗaci a bayan harshe, ƙwallonsu kuma mai ne zalla. Da ruwan farko ya sauka sai Iya ta tashe mu da sassafe mu je tsinta kafin awaki su riga mu. Mu shanye naman, ita ta tara ƙwallon ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa, ta yi ta bugawa da ruwa har man ya taso fari. Da wannan man ta yi mana kayan ɗaki mu 'yan matanta, da shi take murza mana targaɗe, da shi take shafe mana kaushi. Ko zaninta na zuwa biki ƙanshinsa yake yi, duk wankin da aka yi masa.

An kawo ni gidan Malam a nan Jama'a ta ƙasar Gwarzo, na tarar da mahaifiyarsa a gidan, Inna Tabawa kakarku. Ƙananan cikinku ba su san ta da ƙarfinta ba. Gajeriyar mace ce, ba ta rabuwa da goro, magana ɗaya take yi ta tashi. Malam ɗanta ne na fari, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce mai allo. Ni kuma 'yar Gude take ce mini. Ba mu taɓa faɗa ba, amma ba zan ce muna da wata shaƙuwa ba. Takan ce surutuna ya yi yawa, ni kuma ina ganin ba ta da fara'a, kuma kowaccenmu tana da gaskiya.

A shekarar da nake ba ku labari, Iya ta rasu da rani. Baba ya riga ta da daɗewa, gonar kuma ta faɗa a rabon yayana, Yaya Sale. Ina da cikin Sa'adatu ya ɗan tsufa lokacin da ya zo gaishe ni cikin bazara. Sai da ya sha fura, ya tambayi Malam da Inna da yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Rabi, masassaƙa sun zo sun ga kaɗanyar nan, turame za su fitar. Kin san inuwarta ta cinye mini gona, ga ɗakin iyali yana zuba. Ba mai yin man kuma, matana ba su iya ba."

"Yaya, kaɗanyar Iya?"

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata. Na ce musu sai ta gama zubar da 'ya'yan bana."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Amma da ya tafi na ji kamar an sake yi mini rasuwar. A ranar na ƙudura cewa ko da za a sare ta, irinta ba zai ɓace ba. Ni matar malam ce, ba na fita gona, amma Malam ya yanka mini 'yar gayauna a gefen gonar gabas yana noma mini gyaɗa, da ita nake 'yan hidimomina. Na ce a nan za a shuka.

Da ruwa ya sauka na nemi izini na je ganin gida. Na tsinto 'ya'yan da suka fi girma, yaran gidan suka shanye mini naman, na tara ƙwallon cikin ƙwarya na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan kam na san shi tun ina yarinya. Iya ta sha nuna mana ƙananan kaɗanya da suka fito da kansu a inda ƙwallo ya faɗi, ganye ya rufe shi da danshinsa. Wanda rana ta busar kuwa na mai ne, ko shekara ya yi a ƙasa ba zai tsiro ba. Na dawo gida da niyyar a shuka washegari, sai zazzaɓi ya kayar da ni a daren. Na fi mako ban san inda kaina yake ba. Ranar da na fara iya zama, Malam ya shigo da fara'arsa, rungume da wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka.

"Sannu, Rabi. Kin ga irin nan naki? Allah Ya sa na gani da wuri, saura kaɗan danshi ya lalata shi. Na shanya miki a kan soro ya bushe ƙayau, na cuɗa da toka na liƙe. Ko baɗi kika so shukawa yana nan, ƙwaro ba zai taɓa shi ba."

Na sa ya fasa bakin tulun, na ɗauki ɗaya na girgiza a kunnena, na ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawo. Na ɗauki wani, shi ma haka. Sai kawai na fashe da kuka. Kada ku yi wa mahaifinku dariya da yawa, don abin da ya yi shi ne abin da kowane manomin kirki zai yi. Haka ake adana irin wake, kuma duk iri a wajenmu busar da shi ake yi a ɓoye. A duk unguwar nan ba wanda irinsa yake kaiwa damina da kyau kamar na Malam, har aro ake zuwa yi. Da malalaci na aura, da ƙwallon nan yana nan cikin tsummansa da ransa. Ya tsaya riƙe da tulun yana kallona har na iya yi masa bayani, ya ce innalillahi, ya fita.

Ranar Alhamis ba karatu. Da safe na ji an fitar da keke. Bai dawo ba sai bayan la'asar, wandonsa duk taɓo, ya miƙo mini wani ɗan ƙoƙo. Har Gude ya je. Itacen ya kusa gama zuba, abin da ya samu bai cika ƙoƙon ba. Mutanen garinmu sun daɗe suna ba da labarin surukinsu malami da suka gani a durƙushe da babbar riga yana rige-rigen tsintar kaɗanya da awaki. Duk lokacin da na tsokane shi da wannan sai ya ce awakin Gude ba su da ladabi, kamar matan garin.

Muna zaune a tsakar gida ina ɓare naman, Inna na kan tabarmarta tana kallonmu. Can sai ta ce:

"Wa zai shuka?"

"Ni mana, Inna. Malam zai bar ni in je sau ɗaya."

"Da wannan cikin? 'Yar Gude, a garinku ba a gaya miki ba? Ba a shuka kaɗanya, Allah ne ke shuka abarSa. Wanda ya sa hannu ya shuka ba ya kaiwa ya ci 'ya'yanta."

Na san maganar, a Gude ma ana faɗa, ban dai taɓa ɗaukarta da nauyi ba. Malam ya gyara zama ya sassauta murya, yadda yake yi in zai saɓa mata.

"Inna, wannan camfi ne. Ajali a hannun Allah yake, itace ba ya ƙara shi ba ya rage shi. Kaɗanya daɗewa take yi kafin ta haihu, shi ya sa mutane suka ce haka. Rabi ta zauna, ni zan shuka gobe."

"Na san ajali na Allah ne, ba kai za ka koya mini ba. Amma in ka sa ƙwallon nan a ƙasa, ban yafe ba."

Ta tashi ta shige ɗaki. Kun san mahaifinku, da an kai nan magana ta ƙare. Ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa. Ga iri na ƙarshe a hannuna, kowace rana da ta wuce yana rasa ransa, ga tsohuwa ta tare hanya da zancen da ita kanta ta san ba a littafi yake ba. Na sake jiƙa tsumman na rufe ƙoƙon, na ajiye a gindin randa inda ya fi sanyi.

Washegari Juma'a, Malam ya tafi gaisuwa gidan dagaci kamar yadda ya saba. Na fito da hantsi na duba gindin randa, ba ƙoƙo. Na leƙa ɗakin Inna, ba ta nan. Na zauna a bakin murhu zuciyata na raya mini cewa ta je ta watsar da su a juji don a huta. Rana ta ɗaga sosai sannan ta shigo, sungumi a kafaɗa, ƙafafunta duk laka, tana haki. Ta jingine sungumin, ta ajiye mini ƙoƙon a gabana babu komai a ciki.

"Suna gayaunarki. Na kwantar da kowane a gefensa, ban zurfafa ba, na taka. Na kafa kara a kan kowane don kada mai allo ya bi ta kansu da fartanya."

"Inna! Ke da kika ce wanda ya shuka..."

"Na ce. Ke kina da goyo a gaba, shi yana da yaran mutane a hannunsa. Ni na ci zamanina. In ma akwai abin biya, nawa ya fi sauƙi. Ba ni ruwa."

Na kawo mata ruwan. Ban iya ce mata na gode ba, don kalmar ta yi mini ƙanƙanta. Ita ma ba ta ba ni dama ba, ta shanye ta ce in duba tukunyata tana ƙauri. Daga wannan ranar na fara son Inna, so na gaske, ba irin na biyayyar suruka ba.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga Gude cewa an kayar da itacen. Wanda ya kawo labarin ya ce sai da masassaƙa suka wuni biyu a kansa. Daga nan duk abin da ya rage na kaɗanyar Iya a duniya yana ƙarƙashin 'yan kararen nan. Gero ya fito, dawa ta fito, aka yi noman farko, aka yi maimai, gayaunata shiru. Kullum Malam ya dawo sai in dubi fuskarsa, ya girgiza kai. Inna ce ke zuwa tana cire ciyawa da hannu, don ba ta yarda ƙarfe ya kusanci wurin ba. Matan unguwa suka samu abin yi, wai matar Malam ta shuka kara tana jira ya yi 'ya'ya. Da marka ta kama, mai garmar shanu ya zo yi mana huɗa, Malam ya same ni a ɗaki.

"Rabi, ba don in ɓata miki rai ba. Ruwan nan ya yi yawa, ina jin sun ruɓe. Gyaɗa ta wuce ki, amma in aka bi wurin da garma yau za ki samu wake. Ga haihuwa na tafe. Gayaunarki ce, abin da kika ce shi za a yi."

Gaskiya ya faɗa. Da amfanin gayaunar nan nake sayen kayan yaji da zannuwan goyo da duk abin da mace ba ta son ta tambayi miji. Kuma ni kaina ban taɓa ganin wanda ya shuka kaɗanya ba, balle in san tsawon lokacin da take ɗauka. Amma na tuna tsohuwar nan da sungumi a kafaɗa, na ga ba zan iya sa shanu su bi ta kan aikinta ba. Na ce a bari. A shekarar ban ga ko ƙwayar wake ba, kuma jar akuyata da nake ji da ita sai da ta tafi kasuwar Gwarzo kafin a yi hidimar suna.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta ga na daina cin abinci sosai. Ta tashi ta fita. Da ta dawo ta kwance bakin zaninta a gabana. Ƙwallo ɗaya ne ta tono. Ya tsage, wata saiwa ta fito daga cikinsa, ta yi kauri daga sama kamar ɗan yatsa, ta miƙe ƙasa har ta fi tafin hannu tsawo.

"Kin gani? Ƙasa ta fara nufa. Sai ta kafu tukuna za ta leƙo. Wannan na kashe shi, ki yi haƙuri. Yanzu sai ki ci tuwo."

Na ci kuwa, har na nemi ƙari. Ina cikin wankan jego, an fara yankan gero, Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sun fito. Ya ce 'yan ganyaye ne jajaye masu sheƙi, kwance a kan ƙasa, in ba ka sani ba sai ka taka. Ba duka suka fito ba, waɗanda suka fito ma ba duka suka rayu ba. A nan ne rabon mahaifinku yake, kuma ba ƙarami ba ne. Kowane rani shi yake saro ƙaya ya kewaye su saboda awaki, shi yake share ciyawar gefensu don kada wutar daji ta kai gare su, shi yake rigima da makiyaya. Wata shekara wuta ta cinye wasu ƙurmus, muka fid da rai, da damina suka sake tohowa daga ƙasa. Ga su da nawa kamar ba sa so. Sa'adatu ta yi tafiya, ta shiga makaranta, ta fara tallar ƙuli, su ko gwiwa ba su kai ba.

Inna kuwa tana nan. Duk lokacin da ciwo ya kama ta, ko mura ce, sai ta kira ni ta ce, "To, 'yar Gude, lokaci ya yi," ta fara gaya mini wanda za a ba tasarta da wanda za a ba bargonta. Mu yi ta dariya, bayan kwana biyu ta tashi ta nemi goro. Sai daga baya na gane ita ba wasa take yi ba. Duk shekarun nan tana zaune ne da abin a ranta, tana jira, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau da dama Malam ya so ƙara shuka wasu daga ƙwallon kaɗanyar daji, ta ce abin da ta faɗa tun farko yana nan bai tashi ba.

Shekarar da aka yi bikin Sa'adatu, babbar cikinsu ta yi fure da rani. Ban gaya wa kowa ba, Malam ma bai ce komai ba, kowa na tsoron bakinsa. Lokacin Inna ta tsufa tukuf, haƙora sun zube, ido ya yi rauni, sai an kamo ta ake fito da ita inuwa. Wata safiya bayan ruwan farko Malam ya shigo daga gona ya durƙusa a gabanta, ya buɗe hannunsa. 'Ya'ya biyu ne, kore shar, sun yi laushi. Ya sa mata a tafin hannu, ta shafa, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta miƙo mini ɗaya.

"Ke fara. Ke kika san ta uwarki."

Na gatsa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ni da jika a hanya.

"Ita ce?"

"Ita ce, Inna."

Ta yi bisimilla ta sa tata a baki. Ta yi ta mamula da dasashi a hankali, mu biyu muna kallonta, har ta shanye naman tas. Ta yi hamdala. Ta zaro ƙwallon daga bakinta, ta laluba ta kamo hannuna ta danƙa mini, ta rufe yatsuna a kansa.

"Ungo. Je ki shuka da hannunki. Na gwada miki, ba a mutuwa."

Na yafa mayafina na fita da shi da danshinsa, ban ko nemi izini ba. Sai da na kai bakin gari na waiwaya, na ga Malam na biye da ni da sungumi.